Sassabe da Gandun Daji: Nazarin Kalmomin Itace a Ƙasar Matamaye

Mai tattara kalmomin aikin daji da Hausa yakan nufi rumfar 'yan katako. Can zai ji katako da gungume da azara da zarto, ya rubuta, ya ɗauka ya gama. A ganina ya bar muhimmin ɓangare a baya. A Dawce da sauran ƙauyukan Matamaye, cikin jihar Damagaram, katakon kanti baƙo ne, daga kudu ake kawo shi. Kalmomin da suka zauna a bakin mutane na itacen gona ne: kututture da toho da saiwa, sai kuma kirare da faskare da gofa bayan an yi sara.

Mu dubi "gandun daji". Asalin gandu babbar gonar gida ce da iyali ke nomawa tare a ƙarƙashin maigida. Da aka jingina shi ga daji, sai gwamnati ta zama maigidan. Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun hana sare itatuwa irin su gawo ko da a gonar mutum suka fito. A wancan zamani manomi ya san lissafinsa. Tohon da zai jawo masa tara in ya girma, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Kalmar "sassabe" ta fi ba da sha'awa. A da ma'anarta a share gona tas kafin damina, a tara a cinna wuta. Bayan farin 1984 manoma suka soma barin kututture da ransa. Mutum ya duƙa ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya ɗauke rassan ƙasa domin itacen ya miƙe. A Maradi, inda wani mai suna Tony Rinaudo ya yaɗa dabarar tun daga 1983, ana ce mata "sassaben zamani". Ba a ƙago sabuwar kalma ba, ba a kuma aro ta Faransanci ba. Tsohuwar aka juya, gatarin da ke kashewa shi ne yanzu yake reno.

Gawo ya fi kowa cin moriyar hakan, domin da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta danne gero, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a wajen kadada miliyan ɗaya a Magarya da Matamaye da Mirya.

Don haka duk mai niyyar haɗa ƙamus na aikin daji, ya fara zama da manomi da masassaƙi kafin ya buɗe littafin Faransanci.