Daga Kakalaba zuwa kullen korona: yadda agaji ke zuwa, da yadda yake makara

Da aka ce in yi rubutu a wannan takarda ta cikar ƙungiyarmu shekara goma, sai da gabana ya faɗi, domin ni 'yar kasuwa ce, hatsi nake aunawa, kuma da girmana na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci. Amma akwai magana a gabanmu: wasu sun kawo shawarar a sayar da hatsin da ke rumbun ƙungiya a raba kuɗin albarkacin biki. Kafin mu ɗaga hannu, ina so mu waiwaya baya tukuna.

A 1913 damina ta ƙi, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Lokacin jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, yana kwasar gyaɗa zuwa Ikko. Hanyar fitar da kaya tana aiki, amma taimakon da Turawan mulki suka kawo kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Daga tashar jirgi zuwa ƙauye irin namu kuwa sai jaki da ƙafa. Bayanta an yi 'Yan Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau a 1942, wadda mutane suka riƙa nufar Gusau neman hatsi. Ku duba sunayen nan da kyau. Ɗaya buhu, ɗaya gari mai nisa. Wato abin da ya tsaya wa kakanninmu a rai shi ne inda abincin yake da wahalar isa gare shi.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin farin 1973. Ta ce ba motar gwamnati ce ta fara ceton gidanmu ba, tsohon rumbun dawa ne da surukinta ya hana a taɓa tun shekarar da ta gabata, ana ta yi masa gorin rowa. Bayan wannan fari hukuma ta farka. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, a 1976 aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aka sake wa fasali ta koma NEMA a 1999. Mu ma nan ƙasar Ƙaraye mun samu dam ɗin Challawa a 1992, wanda ya buɗe wa mutane da yawa noman rani da kamun kifi.

Sai namu zamanin. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano saboda korona, ga azumi ya kama. Kasuwanni a rufe, mota ba ta shiga ba ta fita. Mun ji a rediyo ana rabon tallafi, mun ba da sunaye, mun jira. A unguwarmu wasu sun samu, zawarawa da yawa ko ƙwaya ba su gani ba, domin sunansu bai shiga takarda ba. A watan Oktoba na wannan shekara aka ga jama'a suna fasa ɗakunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa, suna fito da buhunan tallafin da ke jibge tun watanni. Abinci yana nan, mai yunwa yana nan, tsakaninsu ne hanya ta yanke.

A ƙarshen 2022 kuma aka canza takardun naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Wannan karon hatsi cike da kasuwa, amma ba abin saye. Wadda aka tura wa taimako ta waya sai ta wuni a layin mai POS, a cire mata kaso mai tsoka, wani lokacin ma a ce babu sabis. Ni da kaina na wuni gaban tiya ban yi cinikin da zai kai ni gida ba. Daga nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya ninka, kowane buhu da zai zo daga Dawanau ya ƙara tsada tun kafin a sauke shi.

Abin da na fahimta shi ne, kowace masifa da ƙofar da take toshewa. Fari ya toshe gona, korona ta toshe hanya, canjin kuɗi ya toshe aljihu. Duk agajin da ya dogara da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta shi ke nan.

To mu me ya fisshe mu? Ku tuna lokacin kulle, hatsin da muka saya da kaka da kuɗin adashi yana cikin gari, bai buƙaci mota ba. Matasanmu suka kai shi gida gida a kan babur da baro, ba layi, ba turmutsitsi. Lokacin ƙarancin kuɗi muka koma bashi da musaya, mudun gero da mudun wake, sakatariya tana rubutawa a littafi. Kuma mun san gidan da aka haihu, da gidan da aka yi rasuwa, da tsohuwar da kunya ba za ta bar ta ta roƙa ba. Wannan sanin babu shi a takardar da ake cikewa a birni.

Shi ya sa nake roƙon kada mu taɓa rumbun nan. In ma za a sayar da tsohon hatsi saboda ƙwari, a mayar da sabo da kaka. A raba ajiyar gida biyu ko uku, don gobara ko ambaliya kada ta cinye duka. A bar wani abu a banki, wani a hannun ma'aji. A sabunta sunayen mabuƙata kowace shekara kafin bazara, mu kai wa mai unguwa da kansila kofi, don in tallafi ya zo ya tarar da takarda a shirye.

Kuɗin biki kwana biyu ne za su ƙare. Ranar taro kowa ta zo da ra'ayinta, in na yi kuskure a gyara mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara haɗa kanmu. Amin.