Nazarin Ginin Masaukan Baƙi Masu Kare Muhalli: Darasin Siwa da Feynan

Gabatarwa

Masaukin 'yan yawon buɗe ido a ƙasa mai zafi yana cin wuta da ruwa ba kaɗan ba, kuma kaso mai tsoka na wutar yana tafiya ne wajen sanyaya ɗakuna. Shi kansa simintin da ake ginin da shi, masana'antunsa ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Wannan nazari ya ɗauki masaukai biyu na sahara, ɗaya a Masar ɗaya a Jodan, domin nuna cewa tun a wajen zaɓen kayan gini da tsara ɗakuna ake yanke wa masauki hukuncin ko zai kare muhalli ko zai cuce shi. Na'urorin da ake liƙawa daga baya cikon aiki ne kawai.

Siwa: gini da gishiri da laka

Dausayin Siwa yana yammacin Masar, kimanin kilomita 50 daga iyakar Libiya. A can ne kamfanin Mounir Neamatalla ya gina masaukin Adrère Amellal a ƙarshen shekarun 1990, a gindin wani farin dutse da ke bakin tafkin gishiri. Ɗakunansa kimanin 40 an tayar da su ne da abin da mutanen Siwa ke kira karshif, wato dunƙulen gishiri da ake haɗawa da laka. Da kututturen dabino aka yi rufi, ƙofofi kuma na itacen zaitun ne.

Babu wutar lantarki a ɗakunan. Kyandir ne ke ba da haske, a lokacin sanyi kuma a kawo kaskon garwashi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kaurin bango. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, iskar sahara ta huce. Tagogin ƙanana ne, an kuma saita su inda iska ke kaɗowa. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a Kano ko Agadas da bazara ya san wannan sanyi, domin hikimar da ke cikin tubali da azara ita ce dai wannan.

Sai dai karshif yana da babban abokin gaba, wato ruwan sama. Tsohon garin Shali da ke Siwa, wanda aka kafa a ƙarni na 13 da irin wannan kaya, ruwan kwana uku ne ya narkar da yawancinsa a 1926. Daga nan mutane suka riƙa barinsa, daga bisani bulo da siminti suka mamaye Siwa, gwanayen karshif suka yi ƙaranci. Gina masaukin ya dawo da buƙatar waɗannan magina, kuma da irin wannan sana'a aka gyara Shali, aikin da aka kammala a 2020 da tallafin Tarayyar Turai.

Feynan: inuwa da hasken rana

Masaukin Feynan yana gefen gandun Dana a kudancin Jodan. Ƙungiyar kare halittu ta masarautar ƙasar ce ta gina shi a 2005, Ammar Khammash kuma ya zana shi. Ya ɗauko tsarin tsofaffin zangunan fatake: ɗakuna 26 da tsakar gida mai inuwa, inda iska ke zagayawa. A jikin bangon waje an kafa faffaɗan duwatsu da suka ɗan fito, suna jefa inuwa a kan bangon idan rana ta take.

A nan ba a yi watsi da fasahar zamani ba. Hasken rana ne ke ɗumama ruwan wanka, shi ke ba da 'yar wutar da ake buƙata. Amma da yake tsarin ginin ya riga ya rage zafi, abin da ya rage wa farantan sola kaɗan ne. Da dusar zaitun da aka matse ake ɗumama wurin a lokacin hunturu, ruwan sha kuma a tulunan ƙasa ake ajiye shi maimakon gorunan roba. Ma'aikatan daga Larabawa makiyaya na yankin aka ɗauko su, matan yankin kuma su ke yin kyandiran da ake kunnawa a masaukin.

Abin da kwatancin ya nuna

Na farko, tsari shi ne gaba. A wurare biyun an fara rage buƙatar wuta ta hanyar bango, inuwa da iska, sannan aka nemi abin da zai cike gurbi.

Na biyu, babu kayan ginin da ya dace da ko'ina. Karshif ya rayu a Siwa ne saboda ruwan sama ba safai yake sauka ba. A Zariya ko Zandar, inda damina ke dukan bango duk shekara, ginin ƙasa sai da tushe mai ƙarfi, da indararo, da yaɓen makuba da ake sabuntawa. Wanda bai tanadi kuɗin gyara da magina ba, gininsa ba zai daɗe ba.

Na uku, gini kaɗai ba ya wanke masauki. Baƙon da ya taso daga Turai ta jirgin sama ya riga ya ƙona mai da yawa kafin ya kunna kyandir. A Siwa kuma yawan haƙa rijiyoyi da malalar ruwan noma sun kumbura tafkuna, gishiri yana cin gonaki. Ga kuma tsada: Adrère Amellal wuri ne na masu hannu da shuni.

Kammalawa

Saboda haka, tambayoyi uku ne ya kamata a auna kowane masauki da su: daga ina kayan gininsa suka fito, nawa yake ci na wuta da ruwa bayan an buɗe shi, kuma su wane ne ke samun abinci daga gare shi. Masu niyyar gina masaukai a wurare irin Yankari ko Agadas suna da ƙasa, suna da rana, suna kuma da sauran magina na gargajiya. Aikin da ya fi gaggawa shi ne a haɗa waɗannan magina da matasa masu zanen gine-gine tun tsofaffin suna da ƙarfin koyarwa.