Dutsen Ɗariƙu da Ganuwarsa

Ya ku 'yan makaranta, kun sha ganin Jibiralta a taswira, ɗan ɗigo a ƙarshen ƙasar Sifen, inda Bahar Rum ta haɗu da Atilantika. To, Allah ya nufe ni da taka shi. Dutse ne mai tsawo kusan ƙafa 1,400, wani ɗan siririn rairayi kaɗai ya haɗa shi da Sifen, a nan kuwa iyaka take. Sunan ma asalinsa Larabci ne, Jabal Ɗariƙ, don Ɗariƙu bin Ziyad ya sauka nan da rundunarsa a 711, sa'ad da za a ci Andalus.

Na hau, ina haki, har gindin tsohuwar hasumiyar ganuwa, wadda Sarkin Maroko Abul Hasan ya sa aka sāke ginawa. Na dubi kaurin bangon, na ce a raina, wane mahaluki ya isa ya ci wannan wuri? Ashe an ci shi, ba kuwa da tsani ba.

A 1309 Kiristocin Kastila suka ƙwace shi daga Musulmi. A 1333 mutanen Abul Hasan suka kewaye shi. Hakimin da ke ciki kuwa ya riga ya cinye kuɗin da aka ba shi na tanadin abinci da gyaran ganuwa. Yunwa ta matsa, har dakaru suka riƙa jiƙa fatar garkuwoyinsu suna ci. Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki suka buɗe ƙofa. Ni dai ban ga laifin dakarun nan ba. Laifin na hakiminsu ne. Sarkin Kastila, Alfonso na 11, ya komo don ya karɓe shi, annoba ta kashe shi a sansani a 1350.

Dutsen ya koma hannun Sifen a 1462, Ingilishi da Holan suka karɓe shi a 1704. Daga 1779 zuwa 1783 Sifen da Faransa suka tsare shi ta tudu da ta ruwa. Har yau ana shiga ramukan da sojan Janar Eliyot suka haƙa cikin dutse don kafa igwa. Na leƙa ta kafofinsu, na hango iyaka a ƙasa. Amma su ma sun sha yunwa, har Eliyot ya kwana takwas yana cin 'yar shinkafa kaɗan don gwaji. Sau uku ayarin jiragen ruwan Ingila ya ratso da abinci, a 1780, da 1781, da 1782, kana masu kewayen suka haƙura.