Daga Kwinin Zuwa Atesunet: Tarihin Maganin Gaggawa na Zazzaɓi Mai Tsanani

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin gaggawa na yara a lokacin damina ya san siffar zazzaɓin cizon sauro idan ya tsananta: jijjiga, suma, ƙarancin jini da numfashi sama-sama. Allurar da ake yi wa irin wannan yaro a yau tana da dogon tarihi.

Maganin farko shi ne kwinin, wanda ake samu daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. A shekarar 1820 masana harhaɗa magani biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga ɓawon. A 1854 likita William Baikie ya ratsa kogin Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa, mutanensa suna shan kwinin, kuma babu wanda ya mutu. Daga nan sunan maganin ya kafu.

Sai dai kwinin yana da wuyar sha'ani. Dole a ba da shi cikin ƙarin ruwa a hankali na tsawon awa 4, a maimaita duk bayan awa 8. Yana saukar da sukarin jini, yana kuma sa kunne ƙara.

Sauyi ya ɓullo daga ƙasar Sin, inda a 1972 Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin daga wani ganye dangin tazargade. Daga gare shi aka samar da allurar atesunet. A 2010 aka wallafa sakamakon gwaji kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya: cikin kowane yara 100, kusan 11 ne suka rasu da kwinin, kusan 9 da atesunet. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atesunet.

Ana yin allurar aƙalla sau 3 cikin awa 24 na farko, sannan a cika da ƙwayoyin sha na kwana 3. Jiƙon tazargade ba ya maye gurbinta, haka ma allura ɗaya tak a kemis. Iyaye, da zarar yaro mai zazzaɓi ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Maganin yana ceton wanda ya iso da wuri.