Kifin Da Ya Ruɗi Idon Matuƙa Jirgin Ruwa

Mu da muka tashi a Kakuri da Barnawa, kifin da muka sani shi ne tarwaɗa da karfasa. Ba mu taɓa ganin ko ɗaya ya tashi sama daga Kogin Kaduna ba. Amma a tekuna masu ɗumi akwai wani dangin kifi, kusan iri 60, da ke fitowa daga ruwa ya yi tafiyar mita 50 a iska, don tsere wa manyan kifaye irin su tuna.

Tun zamanin da ake ta yi masa ƙage. Sunan da masana ke kiran sa da shi, Exocoetus, daga Girkanci yake, ma'anarsa mai kwana a waje, don an ɗauka a tudu yake barci. Gardamar da ta fi daɗewa kuwa ita ce: kaɗa fikafikansa yake kamar tsuntsu, ko shawagi kawai yake irin na shirwa? Matuƙa jirgin ruwa sun dage cewa kaɗawa yake, ai da idonsu suka gani.

A 1878 wani masanin dabbobi Bajamushe, Karl Möbius, ya ce sam. Hujjarsa ita ce tsokar da ke riƙe fikafikan ta yi ƙanƙanta, ba za ta iya ɗaga jikin ba. Duk da haka musu bai mutu ba, har Harold Edgerton da Charles Breder suka fitar da hotunan da suka ɗauka da fitila mai saurin walƙiya a 1941. Fikafikan a shimfiɗe suke. Ashe aikin na wutsiya ne: reshenta na ƙasa ya fi tsawo, yana cikin ruwa yana bugawa wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya har kifin ya ɗaga. In gudu ya ragu sai ya sake tsoma ta, ya ƙara gaba.

Matuƙan ba ƙarya suka yi ba. Girgizar wutsiya da iska suna sa fikafikan karkarwa, ita suka gani. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: mai amfani da waya zai faɗi daidai abin da ya gani a allo, amma ya yi kuskuren dalili.

A 2010 injiniyoyin Jami'ar Ƙasa ta Seoul da ke Koriya ta Kudu suka sa busassun kifayen a na'urar hura iska. Sun gano yana shawagi kamar wasu tsuntsayen ruwa, kuma ya fi nisa idan ya bi dab da saman ruwa.