Waƙar da Aka Ajiye a Bayan Faifai

A ranar 20 ga Disamba 1965, kamfanin Capitol na Amurka ya fitar da wani ƙaramin faifan garmaho na ƙungiyar mawaƙan Beach Boys. A fuskar faifan akwai “Barbara Ann”, waƙar raha da shewa wadda ta kai mataki na biyu a jadawalin Billboard, har yau kuma ana jin ta a wuraren biki. Wanda ya juya faifan kuwa, sai ya tarar da wata gajeriyar waƙa mai suna “Girl Don't Tell Me”, wadda ba ta kai minti biyu da rabi ba. A wancan zamani, bayan faifai wurin cike gurbi ne. Gidajen rediyo fuskar suke sakawa, mai saye ma fuskar ya biya wa kuɗi. Mu dai wannan ta bayan ce ta ɗauke mana hankali, domin a cikinta ne aka fara jin Beach Boys sun ari salon manyan abokan hamayyarsu, wato Beatles na Ingila, a fili ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Kafin mu shiga cikin waƙar, ya kamata mu san su wane ne suka yi ta. An kafa Beach Boys a 1961 a garin Hawthorne na jihar Kalifoniya. Kusan sana'ar gida ce: 'yan'uwa uku, Brian da Dennis da Carl Wilson, da ɗan'uwansu Mike Love, da abokinsu Al Jardine. Mahaifin yaran uku, Murry Wilson, shi ne manajansu har zuwa 1964, lokacin da suka sallame shi. Babban yayan, Brian, shi ke tsara waƙa, ya tsara kiɗa, ya raba wa kowa muryar da zai ɗauka. Abin da aka san su da shi shi ne amshi: muryoyi huɗu ko biyar a jere, wata bisa wata, salon da Brian ya koya daga sauraron faya-fayan ƙungiyar Four Freshmen tun yana saurayi. Waƙoƙinsu kuwa ba su wuce bakin teku, da wasan hawa igiyar ruwa, da motoci, da 'yan mata ba. Zuwa ƙarshen 1963, suna cikin ƙungiyoyin samari da suka fi tashe a Amurka.

Sai ga baƙi daga Ingila. Beatles sun sauka a New York ranar 7 ga Fabrairu 1964, bayan kwana biyu suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, inda mutane kusan miliyan 73 suka kalle su. Ranar 4 ga Afrilu na wannan shekara, waƙoƙi biyar na saman jadawalin Billboard duk nasu ne. Abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne, a Amurka kamfani ɗaya ke buga faya-fayan ƙungiyoyin biyu, wato Capitol. Ke nan kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, kuma amarya ta shigo da farin jini. Mawaƙan Amurka da yawa daga nan tauraronsu ya dushe. Beach Boys sun tsaya da ƙafafunsu, har ma a watan Yulin 1964 suka samu waƙarsu ta farko da ta hau mataki na ɗaya, “I Get Around”. Amma nauyin ya faɗa kan mutum guda. A Disamba 1964, Brian ya rikice a cikin jirgin sama a kan hanyar zuwa Houston, daga nan ya daina bin sauran yawon wasa. Ya zauna gida, aikinsa rubutu da sutudiyo. Glen Campbell ya riƙe masa wuri na ɗan lokaci, sannan a Afrilun 1965 Bruce Johnston ya karɓa.

A cikin wannan Afrilun ne Beatles suka fitar da “Ticket to Ride”, ranar 9 ga wata a Ingila, ranar 19 a Amurka. Waƙar ta bambanta da waɗanda suka saba yi. Ta fi nauyi, ta wuce minti uku, jita tana maimaita jimla guda mai ƙara kamar ƙararrawa, gangar Ringo Starr kuma tana tafiya tana ɗingishi da gangan, ta buga ta tsaya, ta sake bugawa. John Lennon, wanda ya ja waƙar, idan ya zo kalmar ƙarshe ta sunanta sai ya miƙe wasalin, ya karya shi gida-gida yana gangarowa da murya. Ranar 30 ga Afrilu, kwana goma sha ɗaya kacal da fitar waƙar a Amurka, Beach Boys suka shiga sutudiyo a Los Angeles suka naɗi “Girl Don't Tell Me”.

Duk wanda ya saurari waƙoƙin biyu a jere ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ga ɗan saƙon jita da ke shigowa tsakanin baituka, ga gangar da ke gangarowa kafin a koma kan amshi, ga kuma wannan miƙe wasali. Kalmar Turanci da ke nufin “rubuta” da wadda ke nufin “hawa” kusan sautinsu ɗaya, kuma daidai kan wannan kalma ta rubutu Brian ya ɗora irin karin da Lennon ya yi. Ba a yi ƙoƙarin ɓad da sawu ba. Har kayan kiɗan an sauya musu tsari. A wannan lokaci Brian ya riga ya saba da ɗaukar ƙwararrun makaɗan haya na Los Angeles, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da Wrecking Crew, su cika sutudiyo da ƙaho da piyano da ganguna. A wannan waƙa kuwa 'yan ƙungiyar ne suka kaɗa da hannunsu, kamar yadda Beatles ke yi. Sabon shiga Bruce Johnston ya kaɗa salesta, wani abin kiɗa mai siffar ƙaramin piyano wanda sautinsa ke fita siriri kamar an taɓa gilashi.

Babban abin da aka cire shi ne amshi. Ƙungiyar da ta yi suna da jera muryoyi ta yi waƙa da murya ɗaya tal, daga farko har ƙarshe. Muryar kuma ba ta Brian ba ce, ba ta Mike Love ba ce, waɗanda su ne suka saba jan waƙa. Ta autan gidan ce, Carl, wanda shekarunsa goma sha takwas a lokacin. Aikinsa a ƙungiyar jita ne, kuma cikin 'yan'uwan shi ya fi kowa son Beatles. Har jita mai tsirkiya goma sha biyu ta kamfanin Rickenbacker yana riƙewa, irin wadda George Harrison ya yi suna da ita. Wani abin dariya shi ne, a Kalifoniya ake ƙera wannan jita, an kuma ba Harrison tasa ne a New York a Fabrairun 1964. Sai da Bature ɗan Liverpool ya rataya ta kafin samarin jihar da ake ƙera ta suka gane darajarta.

Labarin da ke cikin waƙar ɗan ƙarami ne. Wani saurayi ya je hutun bazara wurin kakarsa, ya haɗu da wata yarinya, da za su rabu ta yi masa alkawarin wasiƙa. Shekara ta zagayo, wasiƙa ba ta zo ba. Ya dawo garin, sun sake haɗuwa, ya ga ta ƙara girma da kyau, shi kuma abin da kawai yake roƙo shi ne kada ta sake yi masa wannan alkawari. A nan ne muke ganin dalilin cire amshin. Mutumin da aka bari yana jiran wasiƙa shi kaɗai yake jira, da an tara masa 'yan amshi huɗu a bayansa da kaɗaicin ya ɓace. Muryar Carl ma ba ta gama nuna ba, akwai ɗan kauri da ɗan ɗari-ɗari a cikinta, irin na yaron da ke ƙoƙarin nuna abin bai dame shi ba.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma da wannan ma'auni aka daɗe ana auna waƙar: kwaikwayo ce, a wuce wurin. Mu ba mu yarda da hukuncin ba, ko da yake mun san tuhumar tana da tushe. Beach Boys sun taɓa yin aron da ya wuce gona da iri. Karin “Surfin' U.S.A.” ta 1963 na “Sweet Little Sixteen” ne, waƙar Chuck Berry, har sai da aka mayar da haƙƙin waƙar ga ɓangaren Berry aka sa sunansa a kai. Beatles ma ba su tsira ba. An kai Lennon ƙara kan “Come Together” saboda wata waƙar Berry ɗin dai, kuma a 1976 kotu ta samu Harrison da ɗaukar karin “He's So Fine” a cikin “My Sweet Lord”. A waɗannan shari'o'i abin da aka ɗauka shi ne gangar jikin waƙar, karinta ko kalmominta. A “Girl Don't Tell Me” kuwa kari na Brian ne, labari nasa ne, abin da ya ɗauko dabara ce: yadda ake rage kaya, yadda ake barin ganga ta yi magana, yadda ake miƙe kalma guda har ta ɗauki nauyin baiti. Ya kuma yi amfani da dabarar a wani wuri daban. Waƙar Lennon ta mutum ce da ake bari a yau, cike da ɗaci da ƙara, har ta ƙare da gudu. Ta Brian ta wanda aka bari bara ce, fushin ya huce, saura taka-tsantsan.

To me ya sa ta ɓace? Ta fito ne da farko a kundin “Summer Days (And Summer Nights!!)” a watan Yulin 1965, tsakanin manyan giwaye biyu. Akwai “Help Me, Rhonda”, wadda a ranar 29 ga Mayu ta sauke “Ticket to Ride” ɗin kanta daga mataki na ɗaya a Amurka. Akwai kuma “California Girls”, wadda ta kai na uku. Kamfani yana neman abin da jama'a suka riga suka sani, waƙar da ba amshi ba teku kuwa ba ta yi kama da hajar Beach Boys ba. Da aka tashi fitar da ita a ƙaramin faifai, sai aka liƙa ta a bayan “Barbara Ann”, kwana ɗaya kafin Carl ya cika shekara goma sha tara. Ita “Barbara Ann” ɗin daga kundin “Beach Boys' Party!” aka ciro ta, kundin da suka rera waƙoƙin Beatles har guda uku a cikinsa. Wannan ya nuna cewa a 1965 hamayyar ba ta hana su sauraron juna da kunnen ɗalibi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne tarihin da kowa ke bayarwa. A Disamba 1965 Beatles suka fitar da “Rubber Soul”, Brian ya ji kundin da babu waƙar cike gurbi a cikinsa, ya ɗaura aniyar yin wanda ya fi shi. Sakamakon shi ne “Pet Sounds” na ranar 16 ga Mayu 1966. Bruce Johnston, mai salestar nan, shi ya ɗauki faifan zuwa London ya kunna wa Lennon da Paul McCartney a otal. McCartney, wanda kwana biyu kacal ya girmi Brian, ya sha faɗin yadda kundin ya girgiza shi, kuma George Martin, mai tsara wa Beatles faifai, ya ce ba don “Pet Sounds” ba da “Sgt. Pepper” na 1967 bai samu ba. Aron ya juya ya koma inda ya fito. A ƙarshen 1966 masu karanta jaridar kiɗa ta NME a Ingila suka zaɓi Beach Boys a matsayin ƙungiyar mawaƙa ta ɗaya a duniya, Beatles na biye.

Masu ba da wannan tarihi sukan fara shi daga “Rubber Soul”, su tsallake watanni bakwai da suka gabace shi. A ganinmu farkon zancen yana ranar 30 ga Afrilu, domin a ranar ce Brian ya gwada abubuwa biyu da ya dogara da su daga baya. Na farko, ya gane cewa zai iya ɗaukar darasi daga abokin hamayya ya fito da abin da yake nasa. Na biyu, ya gano muryar ƙanensa. Waƙar da McCartney ya fi yabo a “Pet Sounds”, wato “God Only Knows”, Carl ne ya ja ta, kuma ita ma a Amurka bayan faifai aka sa ta, a bayan “Wouldn't It Be Nice”. Shi ne kuma ya ja baitukan “Good Vibrations” a Oktoban 1966. Da Brian ya ajiye aikin kundin “Smile” a 1967 ya fara janye jiki, sannu a hankali jagorancin kiɗan ƙungiyar ya koma hannun autan, ya riƙe shi shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a Fabrairun 1998.

Waƙar ta samu ɗan adalci a 1974, lokacin da Capitol ya tattara tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar a kundin “Endless Summer”, wanda ya hau mataki na ɗaya a Amurka. An sa ta a ciki, tsakanin “California Girls” da “Help Me, Rhonda”, maƙwabtan nan nata da suka danne ta tun farko. Sabbin masu sauraro da yawa a nan suka fara jin ta. Brian Wilson ya rasu a watan Yunin 2025, kuma a jawaban ta'aziyya “Pet Sounds” da “Good Vibrations” aka fi ambata, wanda hakan daidai ne. Shawararmu ga mai karatu ita ce ya nemi “Ticket to Ride” ya saurara, sannan nan take ya bi ta da “Girl Don't Tell Me”. Duka biyun ba za su ci masa minti shida ba.