Gianluigi Buffon

Gianluigi Buffon, wanda aka haifa a Carrara ta ƙasar Italiya ran 28 ga Janairu 1978, mai tsaron gida ne da masana sha'anin tamaula suka yi ittifaƙi a kan fifikonsa. Yana ɗan shekara 17 ya fara tsaya wa Parma, ranar da ya hana gwanayen AC Milan zura ko ƙwallo ɗaya, daga bisani kuma, a 2001, ya koma Juventus, inda ya ɗauki kofin Serie A har sau 10.

Shekarar 2006 ita ce ƙololuwar ɗaukakarsa, domin kuwa a dukan wasanni bakwai da Italiya ta buga a Jamus har ta ɗauki Kofin Duniya, sau biyu tak aka taɓa ragarsa: ɗaya ɗan gida ne ya ci bisa kuskure, ɗayar kuma fanareti ce ta Zidane. A wannan shekara aka mayar da Juventus rukuni na biyu saboda badaƙalar alƙalan wasa, manyan 'yan wasa da dama suka watse, amma shi ya zauna, wanda kuwa ba ƙaramin halacci ba ne. Kofin Zakarun Turai kuwa bai zama rabonsa ba, alhali sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe.

Bayan ya yi wa ƙasarsa wasa 176, ya yi ritaya a Agustan 2023, sai hukumar ƙwallon Italiya ta naɗa shi shugaban tawagar ƙasa, muƙamin marigayi Gianluca Vialli, wato wakilin hukuma kuma uban 'yan wasa a sansani.